Tishu, Takarda ko Atamfa: Da Me Za Ki Sabunta Hular Fitilar Gwanjo?

Hular fitila (murfin nan da ke kewaye ƙwan fitilar lantarki) ta farko da na yi wa ado da takarda, da rana kowa ya gan ta sai ya yaba. A wajen wani dattijo mai kayan gwanjo na same ta, tana jibge cikin tsofaffin agogunan bango da firam-firam na hoto. Fara ce amma ta sha dauɗa, gefe guda kuma da tabon ruwa. Na ce, "Baba, wannan ai ta ji jiki." Ya ce, "Hajiya, rigarta ce ta tsufa, ƙarfenta lafiya lau, ɗauki ki duba." Gaskiya ya faɗa. Na kawo ta gida, na yanko furanni daga wata mujalla mai sheƙi, na kwana biyu ina liƙawa. Daren da na kunna ta, furannin nan suka dusashe. Rubutun bayan takardar ne ya fito a juye, tare da rabin hoton wata mota, kuma duk inda takarda ta hau kan 'yar'uwarta sai wani baƙin layi ya bayyana kamar ɗinkin tsohon buhu. Raina ya ɓaci ƙwarai, don da zuciya ɗaya na yi aikin.

Wannan sana'a ta yanko takarda mai zane a liƙa a jikin abu, a bi ta da man ƙyalli har ta zama kamar a jikin aka zana ta, ita ake kira dekufaj, daga kalmar Faransanci mai nufin yankewa. Ta yi tashe sosai a ƙarni na 18 a Benis, birnin nan na Italiya da ke kan ruwa. Masu kuɗin Turai na lokacin suna son akwatuna da kabad masu ƙyalli da ake kawowa daga Sin da Jafan, kayan kuma tsada gare su. Sai kafintocin Benis suka riƙa sayen zanen da aka buga a takarda, irin na gidan ɗab'in Remondini da ke garin Bassano, su yanka, su liƙa a katako, su yi ta shafa mai har bakin takardar ya ɓace. Sunan da Italiyawa suka ba aikin ma yana nufin ƙyallin talaka. Amma ki lura, duk a jikin katako ne, abin da haske ba ya ratsawa. Yawancin shawarwarin da ake bayarwa kan wannan sana'a har gobe na akwati ne da faranti da tebur. Hular fitila kuwa fuska biyu gare ta, ta rana da ta dare, kuma don ta daren aka saye ta.

Saboda haka kayan aikin da ya fi kowanne muhimmanci yana hannunki tun yanzu: tocilan wayarki. Duk abin da kike tunanin liƙawa, shiga ɗaki mai duhu, ɗora shi a jikin hular, ki haska daga ciki. Ninka gefensa ki ga yadda biyu ke fitowa in sun haɗu. Abin da kika gani a nan shi za ki riƙa gani kowane dare.

Ita kanta hular, iri biyu suka fi yawa a gwanjo, ko a Ƙofar Wambai kika je a Kano, ko Kasuwar Barci a Kaduna, ko Katako a Yamai. Akwai mai tauri, wadda aka manna yadi ko takarda a kan farar roba mai kaurin kwali, da zoben ƙarfe sama da ƙasa. In kin ƙwanƙwasa ta da farce za ki ji tana amsawa. Akwai kuma mai laushi, wadda yadi ne zalla aka ja aka ɗinke a kan ƙarafa, galibi da shafi a ciki. In kin danna da yatsa sai ta loma. Mai laushin ta fi ɗaukar ido a kasuwa, musamman mai tattara da geza a baki, amma ba ta karɓar wannan aiki. Gam ruwa ne da shi, yadin zai sha ya saki, ya bushe a karkace, ƙarfen ciki ya fitar da tsatsa ta ɓata shi, kuma babu wuri mai ƙarfi da za ki danna takarda ta kwanta. Mai tauri za ki nema.

In kin samu mai taurin, matsa ta a hankali tsakanin tafukanki. Robar ciki in ta tsufa takan koma ruwan ɗorawa ta bushe, za ki ji tana ƙas-ƙas. Irin wannan a hannunki za ta tsage, ki bar musu kayansu. Leƙa ciki ta wajen sama ko akwai tabon ƙuna. Duba kuma yadda take zama a kan fitila, don nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Wadda aka yi don kasuwar Turai zobenta na tsakiya faɗinsa kusan milimita 40 ne, ta Ingila kusan 29, ta Amurka kuwa galibi ƙaramin rami ne a can sama, tana zama a kan wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke kewaye ƙwan. In kina da gindin fitilar a gida, ki tafi da shi kasuwa ki gwada a gaban mai kayan.

Sai siffa. Mai siffar ganga, wadda samanta da ƙasanta faɗinsu ɗaya, ita ce mafi sauƙi, don in aka buɗe ta miƙaƙƙen ƙyalle ne kawai. Mai siffar mazurari a kife, ƙarama a sama babba a ƙasa, in aka buɗe ta baka ce lanƙwasasshiya, kuma duk zane mai layi da kika naɗa mata zai fara a miƙe ya ƙare a karkace. Wannan bambanci shi zai yanke miki rabin hukunci tsakanin abubuwa ukun da zan gwada.

Na farko tishun tebur mai zane, irin wanda ake samu a manyan kantuna da wajen masu kayan biki da kayan kek. In aka buɗe shi yawanci santimita 33 ne kowane gefe, kuma rufi uku gare shi, wani biyu. Na saman kaɗai ke da zane, shi kaɗai ake so. Ki manna guntun salatif a kusurwar baya ki ja, farin rufin zai biyo. Ki sake dubawa, don na biyun yakan maƙale har ki zaci babu shi, in kuma kika bar shi, daga baya zanen zai ɗago ya bar shi a ƙasa. Abin da ya rage a hannunki shara-shara ne kamar fatar albasa, kuma a nan kyansa yake. Gam na taɓa shi sai ya narke a jikin hular, farin da ke kewaye da zanen ya ɓace cikin farin yadin, furen ya zauna kamar da buroshi aka zana shi. Haske na ratsa shi ba tare da ya rage sosai ba. Inda biyu suka haɗu launin kan ɗan ƙara duhu, amma ba ya zama baƙin layi. Kuma da yake ba shi da ƙarfin kansa, yana bin kowace irin lanƙwasa, ko mazurari ko mai siffar ƙararrawa.

Wahalarsa biyu ce. Ta farko, ba ya rufa wa kowa asiri. Tabon ruwa, dauɗa, tsohon launi, duk za su leƙo ta cikinsa. A kan hula mai launin ƙasa farin fure zai koma ruwan toka. Sai hular da take fara ko ruwan madara, kuma mai tsabta. Ta biyu, in ya jiƙe ba ya son a taɓa shi. Na yage da yawa kafin hannuna ya saba. Ga yadda nake yi yanzu. Ba na yanka zanen da almakashi. Nakan tsoma ƙaramin buroshi a ruwa in zagaye furen da layin danshi, sannan in ja a hankali ya rabu, don bakin da aka yaga yana ɓacewa, wanda aka yanka kuwa yana nan a fili. Gam a jikin hula nake shafawa, ba a jikin tishu ba, siriri, wuri kamar faɗin tafin hannu. In ɗora tishun, in rufe shi da farar leda mai laushi, in bi kan ledar da yatsa daga tsakiya zuwa gefe, sannan in ɗage ledar daga kusurwa guda. Ba na sake kusantarsa sai ya bushe ƙarau. A hunturu, lokacin da iska ke busar da wanki kafin ki gama shanya, wurin da za ki shafa wa gam ma ya fi tafin hannu ƙanƙanta, in ba haka ba kafin ki ɗauko tishun ya riga ya kafe.

Duk iya ƙoƙarinki zai ɗan tattare nan da can. Ni ban ɗauki wannan aibi ba. In an kunna fitila, 'yan tattarar nan suna fitowa kamar jijiyar ganye, kuma suna ba hular wani kamanni na tsohuwar takarda da nake so ƙwarai. Amma in ke mai son abu sumul ce, wadda ƙaramar lanƙwasa a zanin gado ke hana ta barci, tishu zai riƙa sosa miki rai.

Na biyu takarda mai kauri: kalanda, taswira, takardar naɗe kyauta, shafin tsohon littafi, mujalla, jarida. Ita ce mafi sauƙin samu, mafi sauƙin yankawa, kuma tana rufe tabo da rana. Ita ce kuma ta ba ni kunya a karon farko. Duk takardar da aka buga wa abu gaba da baya, bayanta zai fito in haske ya bi ta, don haka mujalla da jarida da shafin littafi sai dai in cakuɗewar rubutun kike so da gangan. Jarida tana da ƙarin matsala, don takardarta tana ɗauke da wani sinadarin itace da ke sa ta koma ruwan ɗorawa ta yi rauni in haske da iska sun daɗe suna dukanta. Kowa ya ga tsohuwar jarida da aka bari a bakin taga ya san haka. Kuma ki karanta abin da za ki yanka. Jaridunmu da kalandunmu cike suke da ayoyi da sunayen Allah da addu'o'i, waɗanda bai dace a sa musu almakashi a shafe su da gam ba.

Mafita ita ce takarda mai fuska ɗaya. Takardar naɗe kyauta, wadda ba ta leda ba, tana aiki da kyau. Ko kuma ki kai zanen da kike so shagon fotokwafi a buga miki a farar takarda. A nan ki tambayi irin injin. Injin da ke aiki da garin tawada, wanda zafi ke manna shi, zanensa ba ya motsi in ruwa ya taɓa. Ƙaramar firinta mai tawadar ruwa kuwa, da zarar gam ya hau, ja ya shiga fari, baƙi ya malale. Jiƙa yatsa ki goga a kusurwa kafin ki bar shagon, gani ya kori ji.

Ko da kin kauce wa wannan duka, takardar fotokwafi ta yau da kullum, mai nauyin giram 80, tana tare haske fiye da tishu nesa ba kusa ba, kuma mahaɗarta tana fitowa baƙa. Hanya biyu ce: ko ki jera su baki da baki ba tare da hawa ba, wanda ke son hannu mai natsuwa, ko ki mai da hawan ya zama ado, ki yanka takardar zirin-zirin masu faɗi ɗaya ki jera su a tsaye, kowanne ya hau na kusa da shi daidai gwargwado, yadda in an kunna layukan za su fito a tsare. Wannan dabarar zirin ita ce kuma kaɗai hanyar da takarda mai kauri ke kwanciya a kan mazurari. Babban falle ɗaya sai ya yi kumburi. A ganina, cikin ukun nan takarda mai kauri ce ta fi cin aiki kuma ta fi ƙarancin sakayya, sai fa in akwai wata takarda ta musamman da kike son ki riƙa gani, kamar taswirar garinku ko zanen da ɗanki ya yi a makaranta. In haka ne ma, kwafinta za ki liƙa, ki adana ta ainihin.

Na uku atamfa, kuma a nan muke da abin da wasu ke nema da kuɗi. Kowane tela yana da buhun ƙyallaye a ƙarƙashin keke, kowace mace kuma tana da ragowar ankon wani biki a ƙasan akwati. Atamfa auduga ce, tana shan gam da kyau, kuma mai kyanta zanenta ɗaya ne gaba da baya, don haka babu wani baƙon abu da zai leƙo daga bayanta. Tana rufe tabo ruf. Tana da haƙuri: in kin ɗora ta karkace, ɗago ta ki gyara, ba za ta yage ba. Ga wadda ba ta taɓa irin wannan aiki ba, wannan haƙurin ba ƙaramin abu ba ne.

A kan hula mai siffar ganga, lissafin gajere ne. Auna faɗin bakin ki ninka sau 3.14, hular da faɗinta santimita 30 ne tana son kusan santimita 94, ki ƙara 2 na mahaɗa, ki ƙara kamar ɗaya da rabi sama da ƙasa na lanƙwasawa ciki. Faɗin atamfa ya haura mita ɗaya, don haka ziri guda da aka yanko daga baki zuwa baki ya wadatar. A kan mazurari kuwa sai kin fitar da ma'auni: shimfiɗa babbar takarda a ƙasa, ɗora hular a kan mahaɗarta, ki mirgina ta a hankali kina bin bakin sama da na ƙasa da fensir har mahaɗar ta dawo ƙasa. Bakan da ya fito shi za ki ɗora a yadi. Yana cin yadi fiye da yadda ido ke zato, kuma ki zaɓi zane mai warwatse, furanni ko ɗigo-ɗigo, ki bar mai layi.

Ki wanke atamfar tukuna, ko sabuwa ce, don sitacin da ke jikinta na hana gam kamawa, kuma a wankin za ki gane ko mai zuba ce. Mai zuba a ruwa za ta zuba a gam. Ki goge ta sumul. Gam a jikin hula za ki shafa, daidai wa daida, ba tare da taruwa wuri ɗaya ba, don inda ya yi yawa yakan huda yadin ya bushe ya bar tabo mai duhu da sheƙi. Bakin sama da na ƙasa ki lanƙwasa su a kan zoben ƙarfen, ki kama da abin maƙale shanya har su bushe, ki datse rarar da ke ciki da reza daidai, domin duk zaren da kika bari yana lilo inuwarsa za ta fito.

Kuɗin da atamfa ke karɓa a wajenki haske ne. Tana shanye shi, abin da ta bari ya wuce kuma ta rina shi. Mai ja da ruwan goro da ruwan ɗorawa tana cika ɗaki da ɗumi mai daɗin zama. Mai shuɗi ko kore mai duhu tana sa ɗaki ya yi sanyi ya dushe, fuskar mutum ma ta canja. Mai baƙi da yawa kusan ba ta barin komai ya ratsa, hasken sai ta sama da ƙasa. Na taɓa yi wa wata ƙawata da ragowar atamfar aurenta mai ruwan hoda da fari. Da muka kunna, bangon ɗakin ya ɗauki launi kamar na sararin sama dab da magariba, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. Amma da ta ɗauko littafi, sai da ta matso da shi ƙarƙashin bakin hular kafin ta iya karantawa. Fitilar falo ko ta gefen gado da ake so don kwantar da ido, atamfa ta dace da ita. Fitilar da yara za su yi aikin makaranta a gabanta, a bar ta da tishu mai farin fili, ko a bar cikinta fari fat don ya riƙa maido haske ƙasa.

Za a ce miki in hular ta yi tabo ki shafe ta da farin fenti sannan ki ɗora tishu. A jikin akwati shawara ce mai kyau. A jikin hula fentin yana toshe haske, kuma kowane sawun buroshi yana fitowa da dare, wuri kauri wuri siriri. In tabon ya ƙi fita da ɗan danshin tsumma da sabulu, atamfa ce maganinsa.

Akwai wata hanya ta huɗu da ba ta buƙatar ki taɓa wajen hular ko kaɗan, in fara ce mai tsabta. Ki yanko siffa daga baƙar takarda, dagi ko ganye ko irin zanen da magina ke yi a fuskar soro, ki liƙa ta ciki. Da rana ba a ganin komai. In an kunna, zanen ya fito. Abin da ya ɓata mini aikina na farko shi ne a nan yake zama adon. Sai dai takardar tana kusa da ƙwai, don haka sharaɗin da zan faɗa kan ƙwai ya fi tsanani a kanta.

Batun gam ba ya son dogon zance, amma akwai inda ake zamewa. Farin gam na kafintoci, irin Top Bond da kowane mai kayan gini ya sani, shi ne PVA, kuma shi ne ginshiƙin aikin. Yadda yake a roba ya yi kauri; ki sirka shi da ruwa, kamar kashi uku na gam da ɗaya na ruwa, har ya koma kamar kunu mai ruwa-ruwa. Tishu na son wanda ya fi haka ruwa kaɗan, atamfa na son mai kauri. Fari ne in yana ɗanye, in ya bushe ya zama garai. Mod Podge, wanda wata Ba'amurkiya mai suna Jan Wetstone ta ƙirƙiro a Atlanta a 1967, danginsa ne, an haɗa shi ne ya yi aikin liƙawa da na rufewa a kwalba ɗaya. In kin same shi cikin sauƙi, yana da daɗin shafawa kuma ba sai kin auna ruwa ba. In sai an yi miki odarsa da tsada, hula ɗaya ba ta kai wannan wahalar ba. Farin gam zai yi.

Zuciya takan raya wa mutum ƙaro, tunda namu ne, daga jikin dakwara yake fita, da shi ake haɗa tawadar allo, da shi masu wankin hula ke ƙarfafa hula. Yana liƙa takarda kuwa. Amma duk daɗewarsa, ruwa na taɓa shi zai sake narkewa, a rani ya bushe ya yi ƙaras, a damina ya yi danƙo. Sitacin rogo da kwaɓin fulawa su ma suna kamawa, sai dai abinci ne: kyankyasai za su bi su, fumfuna ta fito in danshi ya yi yawa. Sholisho da sauran gam masu warin fetur kuwa ki nisanta su da wannan aiki gaba ɗaya, suna iya cin robar ciki, suna kama wuta, kuma ba sa barin ki gyara in kin ɗora ba daidai ba.

In komai ya bushe sai rufi. Masu akwati na zamanin da suna shafa mai sau talatin ko fiye. Ita hula, rufi biyu ko uku sirara sun ishe ta, kowanne ya bushe kafin na gaba. Sirkakken gam ɗin ma zai iya zama rufi, amma a watan Agusta yakan ɗan yi danƙo, ƙura ta manne. Man ƙyalli na akirilik, wanda ake wanke buroshinsa da ruwa, ya fi shi: yana bushewa garai, kuma ana iya goge shi da tsumma. Wanda ake sirkawa da tina ko kananzir yana komawa ruwan zuma da daɗewa, ya dusar da farin fili. Ni marar sheƙi na fi so a kan tishu da takarda, don mai sheƙi yana sa hula ta yi kama da leda. Atamfa kuwa sau da yawa ba na rufe ta da komai, don taushin yadin na cikin kyanta. Buroshi busasshe ya isa kakkaɓe mata ƙurar hunturu.

Yanzu ƙwai, kuma a nan babu zaɓi biyu. Tsohon ƙwan nan mai siririyar waya a ciki, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi yake mayarwa, haske ɗan kaɗan ne. Takarda da gam da auduga a kusa da shi neman fitina ne, kuma tabon ƙunar da kike gani a hulunan gwanjo aikinsa ne. LED za ki sa. Mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon mai wat 60 ke bayarwa, kusan lumen 800 a ma'aunin haske, zafinsa kuma kaɗan ne, ga sauƙi ga masu sola da inbata. Duk da haka kada ƙwan ya taɓa jikin hular, kuma kada ki rufe bakin sama da komai, don ta nan zafi ke fita. A kwalin ƙwan za ki ga lamba da harafin K. Mai 2700 ko 3000 haskensa ruwan ɗorawa-ɗorawa ne, yana ƙara wa ja da ruwan goro armashi. Mai 6500, wanda ya fi yawa a shagunanmu, fari ne tas mai ɗan shuɗi, yana sa furen tishu ya yi fayau. In har da gindin fitilar kika sayo a gwanjo, ki kai wa mai gyaran wuta ya duba waya da makunni. Ta Amurka an yi ta ne don wuta mai ƙarfin 120, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce, don haka ƙwan da ya zo a jikinta ba na nan ba ne.

Da 'yar'uwata za ta tambaye ni a tsaye, ga abin da zan ce mata. Hula fara mai tsabta, kowace siffa ce, kuma ana son haske: tishu. Hula mai tabo ko mai launi, musamman mai siffar ganga, ko kuma hannu bai saba ba: atamfa, mai farin fili in ana son ɗakin ya yi haske. Takarda mai kauri sai in ita takardar ce dalilin yin aikin. In kuma kina tsakanin biyu, hular da ta fi araha a tarin gwanjon ki fara da ita, ki liƙa tishu a rabi, ƙyalle a rabi, ki kunna ki zauna da ita dare ɗaya.

Waccan hular tawa ta farko ban jefar da ita ba. Na jiƙa tsumma da ruwan ɗumi na riƙa ɗorawa a kan takardun mujallar, farin gam ya yi laushi, na ɓare su ɗaya bayan ɗaya da gefen cokali. Tabon ruwan yana nan, ga kuma sawun gam da ya ƙaru, don haka tishu ya fita daga lissafi. Na je wajen telana na ce, "Malam, a duba mini cikin buhun nan ko da ziri mai tsawon mita ɗaya, mai haske." Ya zazzage buhun a ƙasa, muka tsugunna muna tonawa, ina ɗaga kowane ƙyalle ina haska tocila ta bayansa, har muka kai ga wani ruwan madara mai 'yan ganyaye kore. Na liƙa shi a jikin hular, na bar ta mako guda a kan kabad, nesa da ƙura, kafin na ɗora ta a fitila.